Gwangwanin Yashin da Baba Ya Bar Mini

Aikina a Doha shi ne in hana ƙwari shiga gari. Kamfanin da ya ɗauko ni daga Zariya yana shuka itatuwa da furanni a bakin tituna da harabar otal-otal, kuma da yake ana shirin gasar cin kofin duniya, kusan kowane mako sai an sauke mana tsirrai daga ƙasashen waje. Ni ce mai duba su. In ɗaga ganye, in tone ƙasar tukunya, in leƙa saiwa da madubi. In na sa hannu su shiga gari, in na ƙi a cinna musu wuta. An fi sanina da ƙi. Direbobin da ke kawo kayan har suna suka laƙaba mini da yarensu, ban kuma taɓa neman fassara ba, don na san ba addu'a ba ce.

Ina zaune a Al Aziziya, a wani babban gida da aka yayyanka da katako aka mai da shi ɗakuna. 'Ya'yana biyu suna wurin mahaifiyata a gida, mahaifinsu kuwa ya rasu tun kafin in taho. Maƙwabtana ma'aikatan asibiti ne da na kantuna daga ƙasashe daban-daban, mutanen kirki, amma gaisuwarmu ba ta wuce ɗaga gira a bakin kicin. Wanda bai taɓa zama inda ba a tambayarsa gajiya ba, ba zai gane yadda abin yake cin rai ba.

Mutum ɗaya ne yake tambayata, shi ne Baba, shugaban masu ban ruwa a gandun da muke renon tsirrai a bayan gari. Mutumin zangon Kumasi ne, dogo, siriri, gemunsa fari fat, kullum da tsohon rawani a kan hular kamfani. Ranar da ya ji na yi wa wani direba tsawa har "kai" ta kuɓuce mini, sai ya ajiye tiyo ya tako.

"Malama, Bahaushe ne kai?"

A bakin Baba kowa namiji ne, har ni. Na gyara masa sau biyu na haƙura. Daga ranar kullum da safe sai ya tsaya a ƙofar ɗan ofishina ya sauke gaisuwa tun daga tushe: ina kwana, ina gajiya, yaya mutanen gida, yaya yara, yaya baƙunta, yaya haƙuri da mu. Ba ya tsallake ko ɗaya. In ina sauri na dunƙule amsa da "lafiya lau duka", sai ya ce bai ji ba, ya koma farko. Ina yi masa tsiya cewa ruwan da ke zuba yana gaisuwa ya isa ya raya gonar rake. A raina kuwa, wannan minti uku shi ne abin da nake tashi dominsa.

Da annoba ta shigo aka rufe gari, mu na ofis aka ce mu zauna a gida, su Baba aka killace su a masaukinsu da ke jikin gandun, don itace bai san dokar kulle ba, sai ya sha ruwa. Gaisuwar ta koma ta waya. A makonnin nan ne aka sauke wasu itatuwan fayin goma sha biyu a manyan tukwane, daga wata ƙasa ta bakin tekun Bahar Rum, za a kai su wani katafaren gida a Al Gharrafa. Fayin itace ne na ƙasashen sanyi da duwatsu, ganyensa tsinke-tsinke kamar allura. Ko a Najeriya sai a wuraren da aka dasa shi, irin su Jos. Abin da zai yi a zafin Doha, mai gidan ne ya sani.

Ka'ida ita ce in je da ƙafata. Amma fita sai da takarda, kuma manajanmu, wanda kowa ke kira mudir, yana ta bugo waya: "Yalla, dakta, khalas," wato maza, magana ta ƙare, "ki duba ta bidiyo." Aka zagaya da ni cikin itatuwan ta fuskar waya. A ƙololuwar biyu daga ciki na hango wani abu fari, na ce a raina ragowar ledar da aka naɗe su da ita ce. Ni da nake tone tukunya da farce, ranar ko a matso da wayar ban ce ba. Na sa hannu na koma kan shayina.

Bayan kwana goma Baba ya kira, ya gama gaisuwarsa tsaf, sannan ya ce, "Malama, ka zo ka ga ikon Allah. Tsutsa ya yi sahu yana tafiya."

Nan take na nemi takardar fita. Da na isa na same su: gizaka ce, masu gashi, ruwan ƙasa da ɗan ja a baya, sun sauko daga jikin itacen sun miƙe a kan siminti, kan wannan a wutsiyar wancan, layi ɗaya ya fi taku huɗu. Ba mai wuce wani, ba mai ratsewa. Ban taɓa ganinsu ido da ido ba, amma na san su kamar yadda ɗalibi ya san abin da ya haddace don jarrabawa.

Ƙwarin da ke da fukafukai masu gari-gari gida biyu muke raba su a saukake: malam-buɗe-littafi mai yawon rana, da faɗa-wuta mai yawon duhu. Wannan gizaka 'yar faɗa-wuta ce, daga wani ƙaramin dangi da masana suka daɗe suna yawo da shi, yau su ba shi gidan kansa, gobe su mai da shi ɗaki a gidan wasu. Tana da 'yar'uwa mai bin wani itacen daban, ita kuwa fayin ta riƙe. Ƙasarta kewayen Bahar Rum ce: kudancin Turai, arewacin Afirka, da ɓangaren gabas, inda ake da wata mai kama da ita ƙwarai har ido ba ya raba su. Da sanyi suke saƙa farin gida kamar curin auduga a saman itace, su kwana a ciki jingim, su riƙa fita suna cin ganye. In sanyi ya ja baya sai su sauko a jere su nemi ƙasa mai laushi su binne kansu. Daga nan faɗa-wuta ke fitowa. A taswirar inda ake samunta, Qatar fili ne fari, ba ɗigo ko ɗaya. Farin abin da na kira leda, gidansu ne.

Baba ya nuna wasu dogayen itatuwa masu siririn ganye da muka jera a bakin shinge don tare iska. "In sun gama wannan, za su hau waɗancan?"

Na ce a'a, kama da wane ba ta wane. Waɗancan kamar fayin suke a ido, amma ko dangi ba su haɗa ba, gizakar ba za ta ko shinshina su ba.

"To a garin nan yunwa zai kashe su ke nan," in ji shi, da tausayi a muryarsa.

Sai a lokacin na lura yana sosa wuya. Na tambaye shi ko ya taɓa su. Ya yi dariya ya ce layin farko da safe shi ya share da tsintsiya, ya kwashe da hannu. Gizaka ai ba baƙuwa ba ce, a gida in ta taɓa mutum toka ake shafawa, zuwa azahar an manta. Abin da bai sani ba, wannan ba irin ta gida ba ce. Gashinta ƙanana ne suna karyewa su bi iska, su shiga ido, su shiga maƙogwaro. Na ce ya je ya yi wanka ya canza kaya. Na sa safar hannu da takunkumi biyu, na yanke gidajen nan na kwashe layin, na ƙone su a bayan sito. Ban rubuta rahoto ba. Rahoto yana nufin in rubuta da hannuna cewa ni na bar su suka shigo.

Washegari Baba ya tashi da ƙuraje, idanu jawur, ga tari. A wancan lokacin tari ɗaya ya isa ya watsa masallaci. Aka ware shi a wani ɗaki a ƙarshen masauki, ana ajiye masa abinci a ƙofa. An gwada shi sau biyu ba a sami cutar ba, amma tarin bai tsaya ba, likitan kamfani kuma ya rasa gane kansa. Ni na sani. Kalma biyu daga bakina sun isa a ba shi maganin da ya dace, a buɗe masa ƙofa. Kullum da safe yana kirana daga ɗakin, yana gaisuwa yana tari, ni kuma ina cewa Allah ya sawwaƙe, kamar wadda ba ta san komai ba. Ina gaya wa kaina gobe zai warware, magana ta mutu.

Tsoro nake ji, ba wani abu ba. Ina tuna 'ya'yana, ina tuna yadda ake sallamar mutane a watannin. Kwana tara na yi ina wannan lissafin banza. A cikin kwanakin ne kamfani ya tsara sunayen tsofaffi da masu yawan laulayi da za a mayar gida da zarar an sami jirgi. Ran na goma na zauna na rubuta komai, har da bidiyon da shayin, na aika wa mudir. Ya kira ni ya yi faɗan da zai yi, aka ƙone itatuwan goma sha biyu, aka ba Baba magani ya warke cikin kwana uku. Amma sunansa ya riga ya wuce, kafil, wato ubangidan da izinin zamanmu ke hannunsa, ya sa hannu. Na roƙa, na yi rantsuwa, na yi tsiwa, aka ce khalas. Ni da na yi laifi na sami takardar gargaɗi guda ɗaya, shi kuma ya sami tikiti.

Abin da ya fi ƙona mini rai, Baba ya sha gaya mini burinsa. Shi ya reni yawancin itatuwan da aka dasa a hanyar filin wasa na Al Thumama, tun suna tsawon kamu ɗaya. Yana so ya kai lokacin gasar, ya tsaya a gefe ya ga baƙin duniya sun sha inuwarsu, sannan ya tattara ya koma. Bai nemi kujera a cikin filin wasan ba.

Ban samu na raka shi ba, ba a bari. Ranar tafiyarsa wani direba ya ajiye mini kwali a ƙofar gida. A ciki akwai babban gwangwanin madara cike da yashi, an rufe bakinsa da yankin gidan sauro an ɗaure da waya. Baba ya kira daga filin jirgi.

"Malama, kafin ka zo ran nan, na bar guda bakwai sun shiga yashi. Na san dokarka wuta ne. Amma ba su suka kawo kansu ba, a tukunya aka sa su, ba su san ina za a kai su ba. Ni ban iya ƙona baƙo. Kai ne malami, ka yi yadda ka gani."

Dokata wuta ce, gaskiyarsa. Na ɗauki gwangwanin zan kai sito, na ajiye. Na sake ɗauka washegari, na sake ajiyewa. Daga ƙarshe na ƙara masa raga ta biyu, na sa shi cikin akwatin roba mai huji, na tura ƙarƙashin teburina. Na san laifi ne na biyu a kan na farko.

Da ya isa Kumasi ya ci gaba da kira. Na ɗauka sau biyu. Yana cewa yaya haƙuri da mu, ni kuma sai in ji kamar an watsa mini ruwan zafi, don bai san na san ciwonsa tun ranar farko ba. A kira na uku na zuba wa wayar ido har ta yi shiru. Haka na huɗu, haka na goma. Wata biyu yana gwadawa, sannan ya bari. Na huta da kunya, na kuma rasa mai tambayata gajiya a duk faɗin ƙasar.

Shekara biyu da rabi na yi da gwangwanin nan. An buɗe gari, an sake rufewa, an sake buɗewa. Na koma aiki na fi da tsanani, har direbobi suka ƙara mini suna na biyu. In na dawo ɗaki sai in buɗe taswirar gizakar a kwamfuta in yi ta kallo, ɗigo-ɗigo sun kewaye teku kamar mutane a bakin faranti. Na karanta cewa tana ƙara matsawa arewa da kan duwatsu saboda sanyi yana raguwa. Ko ta ina tana samun sabon gida, ban da nan. Na kuma san cewa wasunsu kan yi shekaru a cikin ƙasa ba su fito ba, suna jiran lokacin da ya yi musu. Duk Juma'a nakan yayyafa wa yashin ruwa kaɗan. Wata safiya na ji bakina yana ce wa gwangwani ina kwana. Na yi dariya, daga baya na zauna a bakin gado na yi kuka mai isata.

Zafi ya zo ya wuce sau uku, ba abin da ya motsa. Littafi ya ce a ƙarshen zafi suke fitowa, amma ɗakina ba shi da rani ba shi da damina, na'urar sanyaya ɗaki ce sarki. Na yanke cewa sun mutu, na dai kasa zubarwa.

Sai gasar ta zo. Unguwarmu ba ta da nisa da ɗaya daga cikin filayen, titinmu da ko kyanwa ba ta bi da rana ya cika da mutane masu tutoci da ganguna da fenti a fuska. Na je Al Thumama sau ɗaya don duba itatuwa. Sun yi kai sun yi inuwa, wasu baƙi sun baje a ƙarƙashi suna cin burodi, wani ya jingina yana barci. Na ɗauki hoto, na buɗe lambar Baba, na rufe.

Bayan kwana biyu, na dawo daga aiki gab da magariba, ina cire takalmi na ji wani ɗan kaɗe-kaɗe a ƙarƙashin tebur. Na jawo akwatin. Faɗa-wuta ce manne a jikin raga, guda ɗaya tak, fukafukanta ba su gama bushewa ba. Ba kyakkyawa ba ce. Launin toka, da ɗan zane baƙi-baƙi, jiki kakkaura mai gashi, duk tsawonta bai kai gaɓar yatsa biyu ba. Daga ƙaton cikinta da siririn gashin kanta na gane mace ce.

Na san abin da zai biyo baya, don na koyar da shi. Ba ta cin komai, ba a ma yi mata bakin ci ba. Kwana ɗaya ne nata, in ta daɗe biyu. Aikinta guda: ta tsaya wuri ɗaya ta saki wani ƙamshi da hancin mutum ba ya ji, namiji ya biyo shi daga nesa. Ina kallo ta hau can saman raga, ta ɗaga ƙarshen cikinta, ta tsaya cik. A waje an ci ƙwallo, ihu ya taso har tagar tana rawa. Ita tana nan tana kira, alhali mafi kusa da zai iya amsa mata yana bayan hamada da teku. Na ja kujera na zauna kusa da ita har aka kira isha, ban san me zan yi mata ba.

Washegari da la'asar na same ta a kan yashi, ta mutu. Na tone sauran da safar hannu, shida duk sun bushe tuntuni, na kai su sito na ƙone yadda ya kamata tun farko. Ita kuwa na kafe ta da allura, na baje fukafukan a kan katako.

A sana'armu ƙwaro ba shi da daraja sai da 'yar takardar da ake soka masa a ƙasa. Malaminmu a jami'a yakan ce wanda ba shi da ita shara ne. Abu uku ake rubutawa: inda aka same shi, itacen da aka same shi a kai, da sunan wanda ya samo. Na rubuta Doha, na ƙara da cewa a tukunya ta shigo, ba 'yar ƙasa ba ce, don kada wani ya ɗiga mata ɗigo a taswira. Na rubuta fayin. Da na zo layi na uku alƙalamin ya tsaya. Ba ni na samo ta ba. Kuma sai na ga shekara huɗu ina ce wa mutumin nan Baba, sunansa na yanka kawai na sani, ban san na mahaifinsa ba. Ba a rubuta rabin suna.

Zan iya duba tsofaffin takardun kamfani. Na san haka sarai. Na ɗauki waya.

Ta yi ƙara sau uku ya ɗauka. Muryar ta ƙara tsufa. Bai ce wane ne ba, bai ce ashe kana raye ba. Ya fara daga tushe: ina wuni, ina gajiya, yaya mutanen gida, yaya yara, yaya baƙunta. Na amsa ɗaya bayan ɗaya, ban dunƙule ba. Da ya kai yaya haƙuri da mu, na ce, "Baba, tsaya." Na gaya masa duka: farin abin da na gani a bidiyo, da cewa na san ciwonsa tun ran farko, da kwana taran da na yi shiru yana tari a ɗaki shi kaɗai.

Ina jin kukan akuya da hayaniyar yara a bayansa.

"Na sani, Malama. Tun ran da ka ce in yi wanka na ga fuskarka. Tsoro ne, kowa yana da shi. Aiki kuma, dama watarana za a bari." Ya yi gyaran murya. "Abin da ya yi mini zafi paa, wayar da ka daina ɗauka. Na ce yanzu wa zai gaishe shi a garin nan?"

Na ce masa baƙuwarsa ta fito, guda ɗaya, jiya.

"Allahu akbar. Ya samu 'yan'uwansa?"

"Babu kowa, Baba. Ta yi ta kira har ta mutu."

"Kai kana wurin?"

"Ina wurin."

"To, alhamdu lillahi, bai mutu shi kaɗai ba."

Na tambaye shi sunan mahaifinsa, ya faɗa, ya sa na maimaita sau biyu. Na rubuta a layi na uku da ƙananan baƙaƙe, na soka takardar a ƙarƙashinta. Na tura masa hoton itatuwansa da baƙin da ke barci a inuwa.

Da safe, ina ɗaura ɗankwali, wayar ta yi ƙara. Na ɗauka tun a bugu na farko.